Wane "Mu" Ake Nufi? Sharhi Kan Wasannin Ƙarshe Na Gasar BAL

Ranar Asabar 1 ga watan Yuni 2024, mu takwas ne a ɗaki ɗaya cikin site ta jami'a, nan Yamai. Kowa ya kawo ƴan dalolinsa aka haɗa aka sayi forfe, muka jingina waya guda jikin gwangwanin sukari, muna kallon wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta ƙungiyoyin Afirka, wadda ake kira BAL. A Kigali ake bugawa, tsakanin Petro de Luanda ta Angola da Al Ahly ta Bengazi a ƙasar Libiya. Da lokaci ya cika, Petro na da 107, Al Ahly na da 94, wani abokinmu ɗan Damagaram ya yi tsalle har ya kusa kifar da shayi na biyu, yana ihu: "Mun ci! Wallahi mun ci!"

Sai abokin karatuna, Bafillace daga wajen Dakwaro, wanda tun fara wasan bai ce uffan ba, ya ɗago kai ya ce: "Malam, wanga ci da muka yi, min ne ko en?"

Aka yi dariya aka wuce. Ni kuwa tambayar ta ƙi barina, shi ya sa na kawo ta cikin wannan ɗan littafi namu.

Ga wanda ba ya jin Fillanci: Hausa tana da "mu" guda ɗaya tak. Fillanci yana da biyu. In Bafillace ya ce "min", yana nufin shi da mutanensa, ban da kai da yake yi wa magana. In ya ce "en", ya haɗa da kai. Harsuna da yawa a duniya suna da wannan bambanci, amma Hausa ba ta da shi, Zabarmanci ba shi da shi, haka Faransanci da Ingilishi. Saboda haka a waɗannan harsuna mutum zai iya ce maka "mun samu" ka yi ta murna, alhali ba ka cikin rabon. Gasar BAL kullum da sunan Afirka take magana, da "mu" da "namu". Abin da nake son dubawa shi ne wane irin "mu" ne, kuma wasannin ƙarshe su ne wurin da ya fi dacewa a duba, don nan ne gasar take sa rigarta ta sallah ta fito.

Yadda abin yake

NBA ta Amurka da hukumar FIBA ne suka haɗa hannu suka sanar da gasar a 2019, aka ba Amadou Gallo Fall, ɗan Senegal, shugabancinta. An so farawa a 2020, cutar korona ta hana, sai a watan Mayu 2021 aka buga kakar farko, dukanta a Kigali. Ƙungiyoyi 12 ke shiga. Zakarun wasu ƙasashe, kamar Angola, Masar, Senegal da Tunisiya, suna wucewa kai tsaye, saura kuwa sai sun bi ta wasannin share fage. Bayan wasannin rukuni, takwas ke zuwa matakin ƙarshe, inda har zuwa kakar 2025, daga kusa da na kusa da ƙarshe wasa ɗaya ne: ka faɗi, ka ɗaure kayanka.

Zamalek ta Masar ta ɗauki kofin farko a kan US Monastir ta Tunisiya, 76 da 63. A 2022 Monastir ta rama a kan Petro, 83 da 72. A 2023 Al Ahly ta Alƙahira ta doke AS Douanes ta Dakar, 80 da 65. Sai Petro a 2024. A 2025 aka fitar da matakin ƙarshe daga Kigali a karon farko, aka kai shi Pretoria, inda Al Ahli ta Tarabulus ta ci Petro 88 da 67 ranar 14 ga Yuni.

Yabo tukuna

Kada a ce ɗan jami'a bai iya komi ba sai kushe. Wasan yana da daɗi, gaskiya. Tsarin faɗuwa ɗaya a tafi gida yana sa minti 40 ɗin nan su yi nauyi, babu mai cewa gobe ma rana ce. Filin yana da kyau, hoton yana fita tas ko a ƙaramar waya, ana farawa kan lokaci. Duk wanda ya taɓa zaman jiran wasa a ƙasashenmu, awa ɗaya, awa biyu, don babban baƙo bai iso ba, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kafin BAL akwai gasar zakarun ƙungiyoyi ta FIBA, an yi shekaru da dama ana yin ta, amma mu nawa ne muka taɓa ganin wasanta ɗaya da idonmu?

Kuma nasarar Petro ta cancanci ihun da abokinmu ya yi. Ita ce ƙungiya ta farko daga kudu da Sahara da ta ɗauki kofin. Ba daga sama ta faɗo ba: ta zo ta uku a 2021, ta biyu a 2022, ta huɗu a 2023, kafin ta samu. Cikinta akwai ƴan Angola da suka daɗe suna wasa tare, irin su Carlos Morais, wanda ya kusa shekara 40 a lokacin, da Childe Dundão, ɗan gajeren nan da in ya tsaya kusa da dogayen sai ka ce ƙanensu ne ya biyo su fili, amma kafin ka ƙifta ido ya ƙwace balo ya wuce. Kana kallonsu ka san sun san juna, mai ba da balo ba ya ɗaga kai ya nemi abokinsa, ya riga ya san inda zai same shi. Bayansu akwai ƙasar da ta ɗauki kofin ƙasashen Afirka sau 11 tsakanin 1989 da 2013. In ɗan Luanda ya ce "mun ci" a ranar, babu mai tambayarsa wane "mu".

Sunaye ba su ƙarya

Aikinmu a sashen nazarin harshe ya koya mana mu fara da suna. To ku duba sunayen ƙungiyoyin da suka shiga wannan gasa. Petro, ta kamfanin man fetur na Angola ce. GS Pétroliers ta Aljeriya, ita ma man fetur. AS Douanes, ƴan duwan na Senegal. AS Police ta Mali, ƴan sanda. FAP ta Kamaru, soja da ƴan sanda. APR ta Ruwanda, soja. REG ta Ruwanda, kamfanin wuta. Ferroviário ta Mozambik, ma'aikatan jirgin ƙasa. Rivers Hoopers, wadda ta zo ta uku a 2024, ta gwamnatin jihar Ribas ce a Najeriya. Ko tamu da ta gwada sa'arta a wasannin share fage, sunan kamfanin wuta take ɗauke da shi, Nigelec. Waɗannan sunaye suna faɗa mana wanda ya riƙe ƙwallon kwando a Afirka shekara da shekaru: gwamnati da ma'aikatunta, da albashin ma'aikaci, da filin siminti na bayan bariki.

Yanzu ku duba sunayen da gasar ta raɗa da kanta. A 2024 da 2025 rukunanta uku ne: Sahara, Nilu, Kalahari. Sunaye ne masu daɗin ji, irin waɗanda ke cikin takardar kamfanin yawon buɗe ido. Har zuwa 2025 a Dakar aka riƙa buga rukunin Sahara, bakin teku. A 2025 kuwa rukunin Kalahari a Rabat aka buga shi, can arewacin nahiya, dubban kilomita daga hamadar Kalahari. Sunan ya rabu da wurinsa, ya zama tambari kawai, ana iya manna shi ko'ina. Mu da mafi yawan ƙasarmu Sahara ce, daga Agadas zuwa Bilma, har zuwa kakar 2025 babu ƙungiyarmu ko ɗaya da ta taka rukunin Sahara. Ban ce laifin masu gasar ba ne, ba mu ci wasannin share fage ba ne. Amma dai sunan ya nuna wa ake yi wa magana. Mutumin da Sahara da Kalahari duk ɗaya ne a wurinsa ba a Agadas yake zaune ba.

Cin rani

Ga wani abu da ban ji ana yawan faɗa ba. Ku jera waɗanda aka zaɓa gwarzon gasa daga 2021 zuwa 2025: Walter Hodge da Zamalek, Michael Dixon da Monastir, Nuni Omot da Al Ahly ta Alƙahira, Jo Lual-Acuil da Al Ahly ta Bengazi, Jean Jacques Boissy da Al Ahli ta Tarabulus. Cikin su biyar ɗin babu ko ɗaya da yake ɗan ƙasar ƙungiyarsa. Biyu na farko daga ƙetaren Atlantika suka zo, biyu ƴan Sudan ta Kudu ne, na ƙarshe ɗan Senegal ne, wanda ma a 2023 rigar AS Douanes ce jikinsa a wasan ƙarshe. Solo Diabaté, ɗan Kodibuwa, ya ɗaga kofi da Zamalek a 2021, shekarar da ta biyo ya ɗaga shi da Monastir, wato ƙungiyar da suka doke bara.

A kakar farko doka ta ce aƙalla takwas cikin ƴan wasan kowace ƙungiya su zama ƴan ƙasa, baƙi kada su wuce huɗu. A takarda abin ya yi kyau, takwas ya ninka huɗu. Amma mutum biyar ne kawai ke cikin fili lokaci guda. In wasa ya yi zafi, saura minti uku, wa kuke zaton mai horarwa zai bari ciki? Ƴan gidan da suka sha wahalar cin gasar ƙasarsu har aka samu tikitin, sau da yawa suna bisa benci da tawul a wuya, suna tafa wa wanda ya sauka daga jirgi makonni kaɗan kafin a fara.

Namu ma yana cikin wannan tafiya. Abdoulaye Harouna, ɗan Nijar, ya buga wa FAP ta Kamaru a 2021, AS Salé ta Maroko a 2022, ABC Fighters ta Abijan a 2023, AS Douanes a 2024. Kowace shekara sabuwar riga. Mu a site, in za a fara gasa, tambayarmu ta farko ita ce: bana ina Harouna yake? Inda yake nan muke. A 2023 mu ƴan Abijan ne, a 2024 mu ƴan Dakar.

Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Mu Hausawa mun fi kowa sanin cin rani. Wane gida ne a Tawa ko Maraɗi babu wanda ya tafi Legas ko Abijan ko Libiya bayan an gama girbi? Ɗan wasa ƙarfinsa na ƴan shekaru ne, dole ya bi inda ake biya. Kuma akwai alheri ciki: ɗan Senegal ya samu albashi a Tarabulus ba sai ya haye teku ba. Sai dai ɗan cin rani ba ya gina gari. Abin da ke sa wasan ƙarshe ya shiga jinin mutane shi ne tarihi, a ce wannan ƙungiya ta kayar da mu shekara uku da suka wuce, ga wanda ya yi mana ɓarnar, yau za mu rama. In mutanen da ke cikin rigar sun sake kowace shekara, ramuwar a kan wa za a yi? Shi ya sa Petro ta fita daban, kuma shi ya sa ko mu da ba mu san kalma goma ta Fotugis ba muka bi bayanta.

Kalmomi biyu a jikin riga

A watan Maris 2024, a Pretoria, ƙungiyar Dynamo ta Burundi ta fito fili ta rufe rubutun da ke jikin rigarta, Visit Rwanda, wato tallan da ke kiran mutane su ziyarci Ruwanda. A lokacin Burundi ta rufe iyakarta da Ruwanda. Dokar gasa ta ce dole a sa rigar yadda take. Ƙarshenta Dynamo ta fita daga gasar. Samarin da suka bi ta share fage suka samu gurbinsu da gumi, kalmomi biyu na Ingilishi suka mai da su gida. Ba na cikin rigimar ƙasashen biyu, kuma na san gasa ba ta tafiya sai da mai ɗaukar nauyi. Amma a ranar mun ga wanda ke da magana ta ƙarshe, kuma ba ɗan wasa ba ne.

Haka a 2021, lokacin da mawaƙin Amurka J. Cole ya sa rigar Patriots ta Kigali. Wasa uku ya buga, maki 5 ya ci, amma labarinsa ya zagaya duniya fiye da na waɗanda suka ɗauki kofin. Terrell Stoglin na AS Salé ya fito ya soki abin, yana ganin an tauye wa masu sana'ar haƙƙi. Har yau, in ka saurari masu sharhi da kyau, yabo mafi girma da za a yi wa yaro shi ne a ce ya dace da NBA. Khaman Maluach, wanda ya fito daga makarantar NBA da ke Saly a Senegal, ya buga BAL tun yana ƙaramin yaro, a 2025 aka zaɓe shi na 10 a zaɓen sababbin ƴan wasan NBA. Mun yi masa murna. Amma in ƙolin gasar nahiya shi ne a fita daga nahiyar, to wasan ƙarshe ya zama kara ta kasuwar dabbobi, inda dillali ke duba haƙori, ba dandalin da ake naɗa sarki ba.

Da wane baki?

A nan ne abin ya fi taɓa ni. Duk wasannin da muka kalla, ko dai da Ingilishi ko da Faransanci muka ji sharhinsu. Mu ƴan jami'a muna ƙoƙartawa. Ƙanena da ke Maraɗi, wanda ya fi ni son wasan sau goma, kashe muryar yake yi ya kalli hoto kawai.

Ku kwatanta da kokowa. Tun 1975, da aka fara gasar takobi a Tawa, ana zagayawa da ita jiha-jiha, kowace cikin jihohi takwas tana kawo ƴan kokowarta goma. Ranar ƙarshe, mai shago yana rufe shago, ɗan kabu-kabu yana ajiye mashin, tsohuwa a ƙauye tana riƙe da rediyo a kunne. Mi ya sa? Don da Hausa da Zabarmanci ake faɗa mata, da kirari, da kiɗa, kuma ta san garin da yaron ya fito. In Maraɗi ta ɗauki takobi, "mun ci" ɗin da za ka ji a kasuwa "en" ne, babu tantama. Filin kokowa rairayi ne da buhunna, bai kai darajar fitila ɗaya ta filin Kigali mai ɗaukar mutum 10.000 ba, amma ya san wa yake yi wa magana.

Ba ina cewa ƙwallon kwando zai zama kokowa ba. Ina cewa masu saurare suna nan. Kano Pillars ta ɓangaren kwando ta sha wakiltar Najeriya a tsohuwar gasar FIBA. Kusan kowace babbar lise a garuruwanmu tana da filin siminti da ƙarfe biyu, ko da raga ta tsinke. Kuma kalmomin ma suna nan. Na zauna bakin fili a unguwarmu lokacin hutu, na ji yadda ƙanena da abokansa ke magana: "ya tsoma" in mutum ya yi tsalle ya tura balo cikin kwando da hannu, "ya zuba mai uku" in ya jefa daga nesa, "ya sa masa hula" in ya tare jifa daga sama, "ya yi tafiya" in ya taka fiye da ƙa'ida. Ba kwamiti ne ya zauna ya ƙirƙiro musu ba. Wasu daga Faransanci suka juya su, wasu nasu ne.

A nan dole mu juyo da yatsa wajen kanmu. Kamfanin Amurka ba zai zo ya koya mana sharhin wasa da Hausa ba, kuma ba aikinsa ba ne. Muna da gidajen rediyo masu zaman kansu a Maraɗi, Damagaram da Tawa waɗanda ke kwana bisa labarin Real Madrid da Barcelona da Hausa tsantsa, har masu saurare suna bugo waya suna faɗa. Mi zai hana su ba matakin ƙarshe na BAL minti 15 a rana, na mako ɗaya kawai a shekara? Mu kuma ɗaliban harshe, muna rubuta memwar bisa karin sauti da jam'in suna, abu ne mai kyau, amma cikinmu wa ya taɓa ɗaukar littafi ya je bakin fili ya tattara kalmomin yaran nan? Ni ma ban yi ba sai bana, kuma shafi biyu kawai na cika. Duk wanda ke da irin su daga garinsa, ya kawo a taronmu na gaba mu haɗa.

Abin da zan roƙi masu gasar bai da yawa. Su ƙarfafa dokar da za ta sa ƴan gida su kasance cikin fili, ba bisa benci kawai ba. Su ci gaba da zagayawa da matakin ƙarshe kamar yadda suka fara a 2025, har wata rana ya zo yammacin Afirka. Su sauƙaƙa wa ƙananan rediyo ɗaukar wasan da harsunan mutane. Sauran aikin namu ne: gasar ƙasa mai ƙarfi, wadda za ta sa irin su Harouna su samu abin da zai tsayar da su gida ko da kaka ɗaya ce.

Ranar wasan ƙarshe na 2025 mun sake haɗuwa, mu shida wannan karo, biyu sun gama sun tafi. Petro ta sha kashi da tazarar maki 21, ɗakin ya yi tsit. Ɗan Damagaram ya juya wajen Bafillacen ya ce: "To malam, yau fa? Min ne aka ci ko en?" Ya zuba shayi, ya miƙa masa kofi, ya ce: "Kai dai sha. Ran da na ji an faɗi makin da Hausa a rediyo, ko da Fillanci, ka sake tambayata."